Ƙaramar Lasifika da Amon Ganga: Abin da Kuɗi Ba Ya Saye

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗa ranar salla a Karaye, ko wajen biki a Rogo, ya san cewa har a ƙirji ake jin dukan ganga. Amma in aka ɗauki kiɗan aka saurare shi a rediyo, sai algaita ta fito tas, ganga kuwa ta koma tamkar ana buga kwali. Wannan maƙala za ta bayyana dalili, ta kuma duba ko ƙananan lasifikoki masu tsada, irin waɗanda ake ɗorawa a kan kanta, sun shawo kan matsalar.

Yadda Lasifika Ke Aiki

Sauti dai karkarwar iska ne. Kunnen matashi mai lafiya yana jin karkarwa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. Mai saurin ita ce siririn sauti, mai nawar kuwa ita ce amo mai kauri irin na ganga. A cikin lasifika akwai maganaɗisu da naɗin waya da faifai. Idan lantarki ya ratsa wayar, sai ta riƙa kai da komo, faifan kuma ya tura iska. Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka ne suka bayyana wannan tsari a 1925, kuma har yau da shi akasarin lasifikoki ke aiki.

Wahalar tana wajen amo mai kauri. Duk lokacin da yawan karkarwa ya ragu da rabi, dole faifai ya ninka tafiyarsa sau huɗu kafin ya ba da ƙara iri ɗaya. Ƙaramin faifai kuwa iskar da yake turawa kaɗan ce.

Amfanin Akwati

Idan faifai ya tura iskar gabansa, to ya janyo ta bayansa ke nan. In babu shamaki, sai biyun su haɗu su kashe juna, amo ya ɓace. Wannan ne aikin akwati. A 1954 Edgar Villchur ya fito da rufaffen akwati wanda iskar cikinsa ke mai da faifai mazauninsa, daga nan ƙananan lasifikoki suka samu karɓuwa a gidaje. Sai dai injiniya Anton Hofmann ya nuna cewa abubuwa uku ba su haɗuwa: ƙanƙantar akwati, da zurfin amo, da ƙara mai yawa a kan lantarki kaɗan. Wanda ya zaɓi biyu ya haƙura da na uku, komai kuɗinsa.

Darasi Daga BBC

A tsakiyar shekarun 1970 injiniyoyin BBC a Ingila suka ƙera wata 'yar lasifika mai suna LS3/5A, domin aiki a cikin motocin watsa shirye-shirye inda wuri ya yi ƙunci. Faifanta bai wuce milimita 110 ba, kuma ba ta kai wa ga amo mafi zurfi. Duk da haka ta yi suna a duniya, saboda tana fitar da muryar ɗan Adam yadda take. A nan ne tsada ke da rana: katako mai kyau wanda ba ya ƙara tasa rawar, da faifai biyu, ɗaya na kauri ɗaya na siriri, da na'urar da ke raba musu aiki ba tare da wani ya danne wani ba.

Kunne Ko Ido?

Binciken da Floyd Toole ya yi a Kanada a shekarun 1980 ya nuna cewa in aka ɓoye lasifikoki a bayan labule, masu sauraro sun fi zaɓar wadda ba ta fifita wani sauti a kan wani. A 1994 shi da Sean Olive suka nuna cewa da zarar an ɗage labule, girma da kyan akwati kan sauya hukuncin mutane. Haka nan dubban wat da ake rubutawa a jikin kwali kada su ruɗi mai saye. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa. Sai an ninka kamar sau goma kunne zai ji ƙara ta ninku.

Shi ma ɗaki yana da nasa rabo. Bangon siminti da rufin kwano suna mai da sauti, har magana ta cakuɗe. Labule da katifa da darduma suna rage wannan amsa-kuwwa. Matsar da lasifika kusa da bango kuwa yana ƙara mata kauri ba tare da an kashe ko sisi ba.

Gwaji Ga Ɗalibai

A ciro lasifikar tsohuwar rediyo mai aiki da batir, a saurare ta tsirara. Sannan a ɗora ta a bakin tulu, a toshe gefe da tsumma, a sake saurare. Malami ya nemi ɗalibai su bayyana inda sabon amon ya fito. Wanda ya amsa daidai ya fahimci abin da masu ƙera lasifika suka shafe shekara ɗari suna fama da shi.