Sharhi a kan alif ɗin da ke cikin "ya karɓa"

Ka sani, ya kai ɗalibi, kwafi biyun da ke hannuna sun saɓa a wannan baiti da harafi guda. Kwafin da na samu a Birnin Konni ya rubuta "ya" da alif bayan ya'un, na Illela kuwa babu alif. Boko ba ya nuna wannan bambanci, ajami yana nunawa. Idan aka ja wasalin, labari ne: Allah ya riga ya karɓi addu'ar. Idan aka gajarta shi, roƙo ne, bawa yana fatan a karɓa.

Na daɗe ina ganin na Illela ne daidai, domin baitin yana magana a kan mutanen da suka roƙi tsari kuma masifa ta same su. Ta yaya za a ce an karɓa? Mutanen Konni sun san nauyin wannan tambaya. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa garin, ta kashe jama'a mai yawa, ta sa wuta. Ba na shakkar cewa a ranar akwai masu salla da masu wuridi a bayan ganuwa.

Abin da ya juya ni shi ne Tsuntsuwa. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, yana raye yana addu'a lokacin da Gobirawa suka karya jama'arsa a can a 1804. Muhammadu Bello ya ambata a Infaƙul Maisuri cewa an kashe kimanin 2000, daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Alkalawa ba ta faɗi ba sai 1808. Babu malamin da ya ce addu'ar Shehu ta faɗi ƙasa a shekaru huɗun nan, kamar yadda ba a faɗi haka game da Uhudu ba.

Asalin mas'alar hadisin Abu Sa'idil Khudri ne da Imamu Ahmad ya ruwaito. Ma'anarsa: addu'ar da babu zunubi ko yanke zumunta a cikinta, ko a gaggauta wa mai ita abin da ya nema, ko a ajiye masa a Lahira, ko a kawar masa da wani sharri gwargwadonta. Biyu daga cikin ukun nan ido ba ya ganinsu a duniya. Mai waƙar, a fahimtata, a kan wannan ya tsaya har ya ja wasalin. Wannan bai hana mai makoki kuka ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim.

Karin waƙar ma yana neman gaɓa mai nauyi a wurin. Saboda haka na tabbatar da alif a matani, na bar karatun Illela a gefen shafi ga mai son ya bi shi. Allah ne mafi sani.