"Dairek Beljiyam ce, Alhaji": abin da fenti yake rufewa a kasuwar motoci

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan da ya biyo baya, hirar mota ta canza salo a majalisu. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa 1,000. Kuɗin fito na kwastan yana bin dala duk inda ta sa ƙafa. Mai ƙaramin ƙarfi da yake son abin hawa ya tsinci kansa tsakanin zaɓi biyu: ya ci bashi ya sayi wadda aka shigo da ita daga waje, ko ya haƙura da ta hannu wadda aka yi aiki da ita a nan gida. Kusan duk inda aka tayar da wannan musu, hukunci ɗaya ake yankewa: ta waje lafiyayya ce, ta gida an gama tatse ta. Wannan hukunci ne yake damuna, domin yana sa mutane su runtse ido daidai wurin da ya kamata su ware shi.

Kwanakin baya na raka ƙanina, malamin makaranta, wajen masu sayar da motoci. Shekara uku yana adashi. Muka tsaya gaban wata Honda baƙa wuluk, tana sheƙi har kana ganin fuskarka a jikin ƙofa. Dillali ya shafa ta ya ce, "Dairek Beljiyam ce, Alhaji. Ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba." Hankalin ƙanina ya riga ya tafi, sai murmushi yake yi. Bakaniken da muka zo da shi, dattijo ne da ya yi sama da shekara talatin a gareji, bai ko kalli fentin ba. Ya buɗe bonet, ya sunkuya, ya bi ƙarafan nan biyu da suka taso daga gaba suka nufi ƙarƙashin kujeru da ɗan yatsa. Sai ya yafito ni. A ɓangaren dama ƙarfen sumul yake kamar yadda ya fito daga kamfani. A ɓangaren hagu akwai tabon walda, da 'yan lanƙwashe-lanƙwashe irin na wurin da guduma ta sha aiki, an fesa baƙin fenti a kai. Ya ce da ƙanina, "Malam, wannan ta sha karo, kuma ba ƙarami ba."

Sunan Beljiyam ya samo asali ne daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp, inda aka daɗe ana lodin tsofaffin motocin Turai zuwa Kwatano. Sunan ya zauna, amma kasuwar ta tashi. Daga 1 ga Janairu, 2017, gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma kaso mai yawa na abin da ake saukewa a Legas yau daga Amurka yake fitowa. A can, idan mota ta yi hatsari ko ruwa ya cinye ta, kamfanin inshora ya lissafa ya ga gyaranta bai biya ba, sai ya sallami mai ita ya kai ta gwanjo. Kamfanoni irin su Copart da IAA sana'arsu ke nan. A wannan gwanjo ne masu shigo da motoci da dama suke saye, don nan ne arahar take. Motar ta iso da murƙushasshen gaba, ta kwana biyu wajen mai gyaran bodi, ta biya wajen mai fenti, ta fito fes. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo, kuma da yawansu ba su cika ƙa'idar lafiyar hawa titi ba. Ke nan ƙetaro teku ba shaida ba ce ta komai.

Za a ce to mene ne, ai an gyara. A nan ne nake so mu ɗan zauna, domin yawancinmu mun ɗauki ƙarfe kamar ƙashin mutum. Ƙashi idan ya karye, maɗori ya ɗora, yakan haɗe ya koma aiki, saboda abu ne mai rai. Ƙarfe ba ya warkewa. Ɗauki ƙusa da ta lanƙwashe, ka miƙar da ita a kan dutse, ka sake bugawa: daidai inda ta lanƙwashe da farko nan za ta sake bayarwa, kuma da bugun da bai kai na farko ba. Ɗauki waya ka lanƙwasa ta gaba da baya sau biyar ka ga yadda take tsinkewa a hannunka. Gwangwanin lemo kafin ya lotsa yana iya ɗaukar nauyi mai yawa a tsaye. Matsa gefensa kaɗan ka mayar, ka ɗora masa ƙafa, nan take zai zube. Ƙwaryar da aka ɗinke tana ɗaukar tsaba, amma babu matar da za ta yarda da ita ranar da za ta faɗi ƙasa.

Gaban mota an ƙera shi ne don ya murƙushe. Da gangan ne. Injiniyoyi sun tsara waɗannan ƙarafa su naɗe daki-daki lokacin karo, su shanye ƙarfin bugun a hankali, ɗakin da mutane suke zaune kuma ya tsaya ƙyam. Bambancin kamar na wanda ya faɗo daga kan katanga ne a kan tarin yashi da wanda ya faɗo kan siminti: tsawon faɗuwar ɗaya ne, amma yashi ya ba jiki lokacin tsayawa. Wannan aiki sau ɗaya ƙarfen yake yinsa. Idan ya riga ya yi a wani titin Texas, aka zo nan aka gasa shi da wuta aka ja shi da sarƙa ya miƙe, ranar da aka buƙace shi a hanyar Kaduna zuwa Zariya ba zai naɗe yadda aka tsara ba. Ko ya yage a wurin waldar, ko ya tura bugun kai tsaye zuwa ƙafafu da ƙirjin direba. Ƙarfin karo kuma ba ya hawa daidai da gudu, ninkuwa yake yi: wanda yake kan 120 yana ɗauke da ninki huɗu na abin da mai 60 yake ɗauke da shi.

Wannan tsari na murƙushewa ne kuma amsar masu cewa motocin da su ne ƙarfe, na yanzu gwangwani ne. A 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora a Amurka, IIHS, ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 karo da Chevrolet Malibu ta 2009. Tsohuwar mai kaurin jiki ce ɗakinta ya rufta kan mutum-mutumin da aka zaunar a mazaunin direba, sabuwar kuwa gabanta ya tafi amma ɗakin ya tsira.

Motar da ta sha irin wannan karo kusan tabbas jakar iskarta, wadda dillalai suke kira iyabag, ta fashe. Sabuwa tana da tsada, don haka wasu sai su cusa tsumma ko su bar wurin wayam, su liƙe murfin sitiyari, su kashe fitilar gargaɗin da ke dashbod. Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Fitilar jakar iska dole ta kama, ta yi kamar daƙiƙa shida, ta mutu ita kaɗai. Idan ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Idan kuma ta mutu a lokaci guda cif da wata fitilar, akwai alamar an haɗa wayoyinsu ne don a rufe ido. Ja kowane bel da ƙarfi ka ji ya cije, ka sake shi ka ga ya koma da kansa. Bel ɗin da ya yi aiki a hatsari yakan maƙale ko ya saki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke gaba da kusan rabi, kuma jakar iska ba ta maye gurbin bel.

Akwai wata matsalar da ban cika jin ana maganarta a nan ba, alhali ta shafi motocin da muka fi so. Jakunkunan iska na kamfanin Takata na Japan suna ɗauke da sinadarin da zafi da laima suke lalatawa a hankali, har ya kai idan jakar ta tashi sai gwangwanin ƙarfen da ke cikinta ya tarwatse ya watso ɓaraguzai a fuska. An yi kiranyen kusan miliyan 67 a Amurka, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Cikin motocin da abin ya shafa akwai Honda Accord ta 2001 zuwa 2007, da Corolla ta 2003 zuwa 2008, da Pontiac Vibe ta farko, wato dai motocin da suka cika titunan Kano da Kaduna da Sakkwato.

Abin da zai buɗe maka duk wannan tarihi yana nan a kusurwar gilashin gaba, ɓangaren direba: lambar casis, haruffa da lambobi 17. Kwafe ta, ka tabbata ita ce a jikin ginshiƙin ƙofa, ita ce kuma a takardun kwastan. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, harafi na goma yana nuna shekarar motar, don haka ba za a sauya wa ta 2004 fitilu a sayar maka a matsayin ta 2007 ba. Sa lambar a intanet kawai, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo za su fito, da raunukanta kafin a yi mata kwalliya. Shafin hukumar NHTSA ta Amurka yana nuna kyauta ko akwai kiranyen da ba a gyara ba. Rahoton kamfanin Carfax na kuɗi ne, amma yana nuna tafiyar da motar ta yi a lokuta daban-daban, ka gane ko an mayar da mita baya. Dillalin da ya hana ka ɗaukar hoton wannan lamba so yake ku yi cinikin biri a sama.

Motar da ruwa ya ci ta fi wuyar ganewa, domin jikinta lafiya lau. Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston, mu ma a gida mun ga yadda ruwan madatsar Alau ya shanye Maiduguri a Satumbar 2024. Irin wannan mota takan yi wata shida lafiya, sannan wayoyinta su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗaga kafet ka shinshina. Leƙa ƙarƙashin kujera ka duba tsatsa a kan dogon da take gudu a kai. Ciro safaya ka duba busasshen laka a ramin. Ja bel har ƙarshensa, tabon ruwa yakan zauna a can inda mai wanki bai kai ba.

Ta hannun gida tana da nata ciwon, sai dai ciwo ne da bakanike yake gani da ido kuma akasari yana gyaruwa: an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye, an sace indomin salansa saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, an bar ƙafafu sun gaji. Mota mai kwana a gidan ma'aikaci ɗaya shekara takwas, wanda za ka iya zama da shi ka tambaye shi, har ya nuna maka garejin da yake kai ta, ta fi mini kwanciyar hankali a kan baƙuwar da ba wanda ya san jiyanta.

A ganina, kada mutum ya zuba duk abin da ya tara a kan kuɗin motar. A ware kamar kashi ɗaya cikin biyar, domin taya da birki da baƙin mai da batir da takardu suna nan suna jira, inshorar dole ma ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta. 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta gama aiki. A kuma yi hattara da manyan motoci masu silinda shida da farashinsu ya faɗi, don mai ne ya kori masu su. Mota mai silinda huɗu wadda kayanta suke zube a Ƙofar Ruwa ko Panteka, kowane bakanike kuma ya san cikinta, ita ce ta talaka. Dalilin farin jinin Vibe ke nan: sunan Pontiac ne a jiki, amma injin Toyota ne irin na Corolla.

Abin da yake ba ni takaici shi ne duk wannan bincike an bar wa mai saye shi kaɗai. Tun 2022 kwastan suke amfani da lambar casis wajen ƙiyasta kuɗin fito, wato tarihin motar yana kusa da hannun hukuma, amma abin da ake nema a wurin shi ne nawa za a karɓa. Takardar shaidar lafiyar mota kuma, masu motoci sun san sau nawa ake sabunta ta ba tare da wani ya leƙa ƙarƙashin motar ba. Mu ma masu saye muna da laifi: mukan shafe awa guda muna gwada rediyo da sanyin esi, mu ƙi biyan bakanike kuɗin yini ɗaya, ko kuma mu yarda da wanda dillali ya kawo, wanda la'adarsa take rataye da a yi cinikin.

Ƙanina bai ji daɗin barin baƙar Hondar nan ba, har muka iso gida bai ce mini uffan ba. Bayan mako uku ya sayi wata Corolla a hannun wani ma'aikaci da ya yi ritaya. Rana ta cinye fentin rufinta, kujerar direba ta yage a gefe, akwai ɗan lotsawa a ƙofar baya inda mai Keke Napep ya taɓa gogarta. Dattijon bakaniken ya sa aka hau da ita kan rami, ya shiga da tocila ya bi ƙarafan ƙasan tun daga gaba har baya, ya fito yana kakkaɓe hannu ya ce a biya. Da ragowar kuɗin aka sa mata taya huɗu sababbi da takalman birki, fentin kuma ƙanina ya ce sai bayan an yi albashin watan gobe.