Rikicin Iyaka Tsakanin Maƙwabta: Shaida, Sulhu da Shari'a

A yawancin rigingimun iyaka da ke tashi tsakanin maƙwabta a ƙasar Hausa, kowane ɓangare ya yarda cewa ɗan'uwansa yana da gonarsa ko filinsa, sai dai ana jayayya a kan inda haƙƙin wannan ya tsaya na wancan ya fara. A karkara ana shata iyaka da gamba ko bini-da-zugu ko wata tsohuwar kuka, alamomin da wuta ko gatari kan kawar da su, ga kuma garma da kan ci kunya ɗaya kowace damina har abin ya kai ga magana. A birni kuwa katanga ce ko indararo ko kwata.

Matakin farko shi ne neman shaida tun kafin a ɗaga murya, wato takardar ciniki, da taswirar safiyo wadda ke nuna turakun siminti da aka kafa a kusurwoyin fili, da dattawan da suka halarci rabon gado. Daga nan sai mai unguwa ko dagaci, wanda kan taka wurin da ƙafarsa tare da masu gonakin da ke kewaye, kuma idan abin ya gagara a miƙa shi ga hakimi. Raunin wannan hanya shi ne sau da yawa akan watse da addu'a da musabaha ba tare da an rubuta komai ba, sai maganar ta dawo sabuwa a hannun magada bayan shaidu sun kwanta dama. Jamhuriyar Nijar ta yi tanadi mai kyau a nan, domin dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, kuma sulhun da sarakuna suka yi akan rubuta shi a takarda.

Batun da mutane suka fi jahilta shi ne illar shiru. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Arewacin Najeriya ke aiki da shi, akwai hukuncin hauzi, ma'ana riƙe abu da sarrafa shi a bainar jama'a: idan baƙo, wato wanda ba dangi ba, ya shekara 10 yana noma ko gini a wuri, mai wurin yana nan yana gani, bai yi magana ba alhali babu abin da ya hana shi, to ba a sauraron da'awarsa bayan haka. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba, saboda malamai sun san kunya da kara kan rufe bakin ɗan'uwa. Wanda ya bar maƙwabci ya shigo masa taku biyu don gudun ɓacin rai, yana iya wayar gari ya ga kawaicinsa ya zama hujja a kansa.

Idan aka kai ga kotu, nau'in takardar ne ke nuna inda za a dosa. A Najeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, kuma ta keɓe wa Babbar Kotu shari'ar filin da gwamna ya ba da izinin mallakarsa, yayin da ƙananan kotuna kan saurari na gargajiya. A shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976, Kotun Ƙoli ta zayyana hanyoyi 5 na tabbatar da mallaka, waɗanda suka haɗa da tarihin gado da takardu da daɗewa ana riƙe da wuri, amma dole mai ƙara ya fayyace iyakokin abin da yake nema, in ba haka ba a kori ƙararsa ko da yana da gaskiya.