Tsibirin Banana: Ƙasar Da Aka Ƙwato Daga Ruwa Ta Zama Abin Rigima A Ikko

Daga Wakilinmu

Mutanenmu da yawa da ke zaune a Ikko sun san ƙofar Tsibirin Banana. Wasu suna gadi a can, wasu direbobi ne, wasu kuwa leburori ne masu ɗaukar kwanon kankare a gine-ginen da ke tashi kullum. Da sassafe za ka gan su a bakin ƙofa ana duba su kafin a bar su su shiga. Amma ba kowa ne a cikinsu ya san cewa ƙasar nan da suke takawa a dā ruwa ne da fadama ba, wurin da masunta ke jefa taru.

Tsibirin yana gefen Ikoyi, cikin babban tafkin nan da Yarbawa ke kira Osa. An ba shi wannan suna ne saboda ya lanƙwashe kamar ayaba. Faɗinsa wajen eka 400 ne, an yanka shi fuloti sama da 500, hanya ɗaya ce tak ta haɗa shi da Ikoyi. Wayoyin lantarkinsa a ƙarƙashin ƙasa aka binne su, yana da ruwan famfonsa na kansa. Manyan attajirai irin su Mike Adenuga suna da gidaje a ciki, kuma fili a can yana cikin mafi tsada a duk ƙasar nan.

Wani injiniya mai suna Cif Adebayo Adeleke shi ya fara tunanin kafa gari a wurin, ya sa masa suna Lagoon City. Aikin bai ƙare a hannunsa ba. Daga baya kamfanin Chagoury, tare da Ma'aikatar Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, suka cike wurin da yashi, ya zama yadda muke ganinsa yau.

To, yashin nan daga ina ya fito? Daga gindin ruwa. Ana kafa jirgi mai babban inji, ya riƙa zuƙo yashi da laka ta cikin bututu yana amayarwa inda ake so, har tudu ya fito. Inda aka zuƙe kuwa sai ya zama rami mai zurfi. Tafkin Ikko asalinsa ba shi da zurfi sosai, kifi da jatan lande da ƙaguwa suna hayayyafa ne a bakin gaɓa, cikin saiwoyin itatuwan nan na ruwan gishiri. Idan aka sare itatuwan, aka dama ruwan ya zama kamar kunu, sai kifi ya watse. Masuntan Egun da Ilaje na Makoko da sauran ƙauyukan bakin ruwa sun daɗe suna kukan cewa yanzu sai sun yi nisa kafin su cika kwando.

Babbar maganar dai ita ce ta ambaliya. Tafkin nan shi ne randar Ikko. Kogin Ogun a cikinsa yake zubewa, haka nan duk lambatu da magudanun birnin, kuma ta mashigin da jiragen ruwa ke bi zuwa Apapa yake fita teku. Ran da aka yi ruwa mai yawa, teku kuma ta cika ta kawo, sai tafkin ya hau ya toshe bakin magudanai, ruwan titi ya rasa wurin zuwa. Haka aka gani a watan Yuli na 2017, lokacin da ruwa ya shanye Lekki da Victoria Island har mutane suka shiga kwalekwale a kan kwalta, aka kuma gani a Yulin 2024. 'Yan'uwanmu na kasuwar shanu ta Kara da na wajen Mile 12 ba sai an yi musu bayani ba, sun san halin da suke shiga duk lokacin da aka saki ruwan madatsar Oyan, kogin Ogun ya tumbatsa.

Kada mai karatu ya ɗauka Tsibirin Banana shi kaɗai ke kawo wannan. Shara da ke toshe lambatu da gine-gine a kan hanyar ruwa suna da nasu rabon. Amma duk mai hankali ya san in ka jefa dutse cikin randa cikakkiya, ruwa zai zuba. Kuma wanda ya tada gidansa a kan tudun yashi, ya kewaye da katangar kankare, ba a ɗakinsa ruwan zai kwana ba.

Masu cike ruwa su ma suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Jihar Ikko ita ce mafi ƙanƙanta a Nijeriya wajen faɗin ƙasa, wani babban sashe nata ma ruwa ne, ga jama'a na kwararowa kullum, har da mu. Suka ce in ba a ƙirƙiro ƙasa ba, ina za a sa mutane? Ga haraji da gwamnati ke samu, ga aikin yi. Gaskiya ne, gidaje da yawa a Arewa suna cin abinci da kuɗin gadin Banana. Sai dai ni ban ga yadda fuloti 500 na attajirai za su rage cunkoson Ajegunle ba.

Ranar 12 ga Afrilu, ana cikin watan azumi, a shekarar 2023, wani bene mai hawa 7 da ake ginawa a tsibirin ya rufta, aka yi ta ciro ma'aikata ana kai su asibiti. Da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya je duba wurin, sai ya nuna cewa iyakar tsibirin ta asali ba a nan take ba, an yi ta ƙara cike ruwa ne ana faɗaɗawa. Ya ɗora laifin ba da izinin a kan Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, ya kuma ba da umurnin rushe wasu gine-ginen. Nan ne gizo ke saƙa. Jiha ta ce ita ke da ikon tsara gine-gine, Tarayya ta ce ruwa nata ne. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Tarayya ikon hanyoyin ruwa. Wuri mai iyayen giji biyu kuwa, mai kuɗi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in ɗaya ta ƙi buɗewa.

Kafin wannan, ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 ya faɗi a titin Gerrard da ke Ikoyi, nan kusa da tsibirin, mutum fiye da 40 suka rasu, yawancinsu ma'aikata. Don haka duk ɗan'uwan da zai kama aikin yini a irin waɗannan gine-gine, ya kamata ya gaya wa abokin kwanansa ko wani na gida inda za shi.

Tsofaffin mazauna Ikko kuwa suna tuna Maroko. A watan Yuli na 1990, zamanin Gwamna Raji Rasaki, aka rushe unguwar, mutum wajen 300,000 suka rasa matsuguni. Dalilin da aka bayar shi ne wurin kwari ne, ruwa na cinye shi, zama a ciki haɗari ne. Da aka gama kwashe talakawa sai aka cike shi da yashi, yau manyan gidaje ne a wurin. Haka aka yi wa masuntan Otodo Gbame tsakanin Nuwamban 2016 da Afrilun 2017, mutum kusan 30,000. A Yunin 2017 wata babbar kotun Ikko ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki, amma a lokacin gidajen sun riga sun zama toka. Ga dukkan alamu, in talaka ya kafa bukka a bakin ruwa sai a ce ya ɓata muhalli, in attajiri ya cike ruwan sai a kira shi ci gaba.

Kuma Banana ta yi 'ya'ya. A gefen Lekki, cikin tafkin nan dai, an riga an tada wasu tsibiran da yashi, akwai Orange Island, akwai Gracefield. Wanda ya bi ta gadar Third Mainland ya dubi ruwa zai hangi masu haƙar yashi a bakin aikinsu.