Gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido: Dalilin da ya sa sai an auna kafin a sa

Gilashin nan ɗan ƙarami da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, wanda aka fi sani da kontak lens, yana samun karɓuwa a tsakanin matasa, musamman ɗalibai da amare, kuma a yau mai waya a Kafanchan ko Zonkwa ko Kagoro yana iya yin odarsa ta intanet. Sai dai a wurin masana lafiya, wannan gilashi kayan asibiti ne, kuma sa shi ba tare da awo ba yana iya jawo gyambo a ido, har ta kai ga hakiya.

Buƙatar gyaran gani babba ce a Najeriya. Binciken ƙasa kan makanta da raunin gani, wanda aka gudanar daga 2005 zuwa 2007, ya kiyasta cewa mutum miliyan 4.25 masu shekara 40 zuwa sama suna fama da raunin gani ko makanta. Binciken ya kuma nuna cewa matsalar da tabarau ke iya gyarawa ita ce kan gaba wajen haddasa raunin gani mai sauƙi da matsakaici.

Takardar tabarau ba ta wadatar ba

Mutane da yawa suna zaton lambar da aka rubuta musu ta tabarau ta isa su sayi kontak lens. Tabarau yana zama ne kimanin milimita 12 daga ido, shi kuwa wannan a kan idon yake kwanciya. Saboda haka idan lambar mutum ta kai 4.00 ko ta haura, sai an sake lissafin ƙarfin gilashin.

Bayan haka akwai batun siffa. Rufin nan mai garai-garai da ke saman baƙin ido, wanda likitoci ke kira koniya, lanƙwasarsa ta bambanta daga mutum zuwa mutum. Ba shi da jijiyoyin jini, yawancin iskar da yake rayuwa da ita daga waje yake samun ta, ta cikin hawaye. Gilashin da ya matse shi zai tauye masa iska, wanda ya yi sako-sako kuma zai riƙa zamewa yana gurzar sa.

Abin da ake yi a asibitin ido

Ma'aikacin yakan fara da tambayoyi kan sana'ar mutum, da ruwan da yake amfani da shi a gida, da ko yana da ciwon sukari ko yawan ƙaiƙayin ido. Daga nan sai a auna ƙarfin gani, a auna lanƙwasar koniya da na'ura, sannan a haska idon da fitila mai ƙara girman abu domin duba fatar ido da yawan hawaye. Wani lokaci akan ɗiga wani rini ruwan ɗorawa da ke bayyana duk wani ƙwarzane.

Idan ido lafiya yake, sai a sa gilashin gwaji, a bar shi ya zauna na wasu mintuna, a duba yadda yake motsi idan mutum ya ƙifta. Takardar da za a rubuta tana ɗauke da ƙarfin gilashin, da lanƙwasarsa, wadda ga nau'i mai laushi takan kama daga milimita 8.3 zuwa 9.0, da faɗinsa, wanda yakan kai kimanin milimita 14, da kuma sunan samfurin. Kafin mutum ya tafi, sai an koya masa sawa da cirewa da hannunsa, kana a ba shi ranar dawowa.

Ruwa da ƙura

A Kudancin Kaduna, inda gidaje da yawa suka dogara da rijiya da rafi da burtsatse, ruwa ne babban abin kiyayewa. Akwai wata ƙwayar halitta mai suna akantamiba da ke rayuwa a ruwa da ƙasa. Idan ta maƙale a gilashin ta shiga koniya, tana haddasa ciwo mai tsananin zafi da wuyar magani. Don haka ba a wanke gilashin da ruwan rijiya ko na famfo ko na leda, balle yawu, sai da ruwan maganin da aka yi dominsa. Ba a kuma yin wanka ko iyo da shi, ko a gida ko a wuri irin magangarar ruwa ta Matsirga. Akwatin ajiyarsa ana sauya shi duk wata uku.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska takan busar da hawaye, ƙura kuma ta shige ƙarƙashin gilashin. Manoman citta a Kachia da Jaba, da masu sussuka da 'yan acaɓa, sun fi fuskantar wannan, kuma tsirar ganye ko ƙaiƙayi a ido tana iya kawo cutar fumfuna. Ga masu irin waɗannan sana'o'i, sau da yawa tabarau ya fi dacewa a lokacin aiki.

Barci da gilashin ma haɗari ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce yin hakan yana ninka yiwuwar kamuwa da cutar ido sau shida zuwa takwas. Gilashin kwalliya mai sauya launin ido shi ma yana buƙatar awo, kuma ba a aron na wani.

Wa ya kamata a je wurinsa

Masu ikon yin wannan awo su ne likitan ido da ƙwararren mai auna gani da ke da rajista a hukumar ODORBN, wadda dokar soja mai lamba 34 ta 1989 ta kafa. Ba kowane sashen ido ne ke da na'urar auna koniya da gilashin gwaji ba, don haka yana da kyau mutum ya tambaya kafin ya kashe kuɗin mota. Daga Kafanchan, manyan wuraren da ake iya tura mai matsala mai sarƙaƙiya sun haɗa da Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa dokarta a 1979, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos.

Akwai waɗanda gilashin ke yi wa amfani fiye da tabarau, kamar mai koniyar da ta yi tsini, ko wanda lambar idonsa ɗaya ta yi wa ɗayan nisa sosai. Amma ko su, ana son su riƙe tabarau a ajiye.

Duk wanda idonsa ya yi ja, ko yana zafi, ko yana kwantsa, ko haske yana damunsa, ko ganinsa ya yi dishi-dishi, ya cire gilashin nan take ya nufi asibiti a ranar, tare da gilashin da akwatinsa domin a gwada su. Kada ya ɗiga maganin gargajiya ko na kemis ba da izinin likita ba, domin wasu magungunan ɗigawa suna ƙara rura gyambon koniya.