3.2 Kayan Gilashin Rumawa a Maƙabartun Tsibirin Sjælland

A wannan sashe za a duba kayan gilashin da aka tono a kaburburan tsibirin Sjælland na ƙasar Danmak, wato tsibirin da birnin Kwapanhagan yake a kansa. Rumawa ba su taɓa mulkin wannan tsibiri ba, kuma mutanensa na wancan zamani ba su san sana'ar hura gilashi ba. Saboda haka duk wani ƙoƙon gilashi da aka samu a kabari, daga nesa ya fito.

Kamar yadda aka ambata a babi na biyu, an gano dabarar hura gilashi a yankin Sham a ƙarni na 1 kafin Miladiyya. Ana narka rairayi ne tare da kanwa, wadda akasarinta daga Masar ake kawowa. Zuwa ƙarni na 3 Miladiyya, birnin Kolon da ke bakin kogin Rayin ya yi suna a wannan sana'a, kuma ana danganta da yawa daga cikin kayan Sjælland da shi.

Maƙabartar da ta fi shahara ita ce ta Himlingøje. A nan an sami kofuna masu ado da zaren gilashi mai lanƙwasa kamar maciji, da ƙahon sha na gilashi, tare da bokitan tagulla da mundayen zinariya. A Varpelev da Nordrup kuma an sami kofuna masu zanen namun daji irin waɗanda ake gwabzawa da su a dandalin wasannin Rumawa.

Abin lura shi ne, kusan dukkan waɗannan kaya na shaye-shaye ne. A tsibirin Kuburus, wanda yake ƙarƙashin daular, abin da aka fi binne mamaci da shi shi ne 'yan kwalaben turare da na man shafawa, har a kaburburan masu ƙaramin ƙarfi. A Sjælland kuwa sai a kabarin mai hali ake ganin gilashi. Lund Hansen (1987) tana ganin cewa ta teku kayan suka iso daga bakin Rayin, sannan manyan Himlingøje suka riƙa rarraba su ga wasu shugabanni. A ganin mai wannan bincike, hakan ya fi kama da kyautar ƙulla zumunci tsakanin masu mulki fiye da cinikin kasuwa, domin kofin da ya sha wannan doguwar tafiya bai fashe ba, ba a hannun kowa yake faɗawa ba.