Madarar Jarirai: Mai Suna Ko Ta Kanti?

A manyan kantunan Amurka uwa takan tarar da madarar jarirai iri biyu a jere. Ɗaya tana ɗauke da sunan da kowa ya sani, kamar Similac ko Enfamil. Ɗayar kuwa ta kantin ce, kamar Parent's Choice ta Walmart, kuɗinta kuma bai kai na waccan ba, wani lokaci ma da rata mai yawa. Mu mun saba cewa araha ba ta ado. To, a nan dai maganar ba ta zauna ba.

Dalili kuwa doka ce. Cikin 1978 wani kamfani ya rage gishiri a madararsa ta waken soya, jarirai da dama suka yi ciwo, suka kasa girma sosai. Saboda haka cikin 1980 Majalisar Amurka ta kafa doka, aka ƙayyade sinadarai 29 waɗanda lalle ne a same su cikin madarar jarirai, aka ɗora wa hukumar FDA aikin dubawa. Cikin 2015 aka ƙara ɗaya, suka cika 30. Ma'auni ɗaya ne ga mai tsada da mai araha. Kantunan ma ba su ne suke haɗa tasu ba. Kamfanin Perrigo ya daɗe yana yi wa yawancinsu, su sai dai su liƙa suna.

Ƙarin kuɗin nan fa, wani sashinsa na talla ne, wani kuma na 'yan abubuwan da ake ƙarawa bayan na doka. Suna kuwa ba ya hana tsautsayi. A watan Fabrairu na 2022 kamfanin Abbott, mai Similac, ya janye madararsa, ya rufe ma'aikatarsa ta Sturgis a jihar Mishigan don zargin ƙwayar cuta, har madara ta yi wuya a ƙasar watanni.

Jaririn da madarar shanu ba ta karɓe shi ba, likita ne zai zaɓa masa. Nonon uwa kuwa, in akwai shi, ba a haɗa shi da komai.

Abin da ya fi damunmu shi ne uwar da ta sayi mai tsada don suna, sa'an nan ta riƙa cika mata ruwa don gwangwani ya kai ƙarshen wata. Wannan ba a Amurka kaɗai ake yinsa ba, har a garuruwanmu. Ciki ya cika, yaro yana ramewa, yawan ruwan kuma yakan rage gishirin jininsa har ya kama farfaɗiya. Da ta sayi mai arahar, ta bi awon da aka rubuta a jikin gwangwani, ta dama da tafasasshen ruwa, da yaron ya sami cikakken rabonsa.